Ranar da Na Yaye Jinkar Mma Azumi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na yaye jinkar Mma Azumi ba, kuma ko na so in manta, mutanen Salaga ba za su bar ni ba. Mutane ne masu riƙo. Rijiyoyinsu kan ƙafe da rani, amma abin dariya in ya shiga hannunsu ba ya ƙafewa.

Lokacin ina saurayi, sana'ata koro shanu da ƙafa daga Bawku, mu bi ta Yendi mu sauka Salaga, su huta kafin a wuce da su kudu. Mota sai jefi-jefi ake ganinta, ita ma ta Bature. Masaukina gidan Baba Alhasan ne, jikan fataken goro, mutum mai sanyin hali wanda ba ya yanke magana a gidansa sai ya leƙi fuskar matarsa. Matar ita ce Mma Azumi, mai sayar da gishiri. 'Yarsu kuwa Adiza, wadda saboda ita ce shanuna suka fi gajiya a Salaga fiye da ko'ina a hanya.

Na riga na tura manya an yi magana. Baba Alhasan ya ce "To," wato bai ce komai ba ke nan. Mma Azumi ta ce tana dubawa. Abin da take dubawa kuwa ni ne da wani tela mai suna Seidu, siriri, mai tafiya kamar ƙasa za ta ɓata masa ƙafa. Ya ɗinka wa Baba Alhasan riga kyauta. Ni me zan ɗinka? Sai na ce bari in nuna musu akwai abin da mutumin daji ya sani wanda mai zaman inuwa bai sani ba.

Abin da na sani (a ganina) shi ne sama. Na raina mutanen garin nan ƙwarai a wannan fanni. Da hadari ya ɗan yi baƙi sai ka ga mata na ta gudu suna kwashe shanya kamar an ce ga mahara nan. Ni kuwa kakata ta gaya mini tun ina ƙarami cewa in bakan gizo ya fito ya shanye ruwa, an gama. Na kuma sha gani da idona a hanya: mu kwana ruwa na dukanmu, da safe bakan gizo ya fito, gari ya washe har dare. Na ɗauki wannan na mai da shi ilimi, ina raba wa mutane ba su tambaye ni ba.

Farkon damina ne. Da safe aka yi ruwa, ɗakin Mma Azumi ya yi yoyo, ga kwandunan gishirinta jere a ciki. An riga an yanta sabuwar ciyawa an jingine, sai dai mai baibayar ya tafi ƙauye ta'aziyya. Bayan azahar hadari ya sake haɗowa daga gabas, rana kuma na haskawa ta yamma. Can sai ga bakan gizo, tun daga bayan masallaci har ya faɗa cikin itatuwan kaɗanya. Ba ma ɗaya ba, da wani dishi-dishi a samansa. Na ce a raina yau Allah ya kashe kasuwar tela.

Na je na durƙusa na ce, "Mma, a ba ni tsani. Yau zan baibaye miki ɗakin nan."

Ta dubi gabas, ta dube ni. "Ɗan Bawku, ba ka ga hadari ba?"

"Na gani, Mma. Ai ga mai shanye shi can ya fito, har da ɗan rakiya. In aka yi ruwa yau, ki cire ni daga cikin maza."

"Na ji," in ji ta. Baba Alhasan ya ce, "To."

Mai hankali zai tuɓe ya ɗaura bante ya hau. Ni sai na shiga ɗaki na sako sabuwar rigata mai shuni da na saya a Yendi, na kafa jar dara. (Adiza na daka a tsakar gida, shi ya sa. Kada ka tambaye ni wa ya taɓa yin baibaya da rigar zuwa Idi.) Haka kuma mai hankali zai yaye gefe guda ya rufe, sannan ya koma ɗaya gefen. Ni na yaye duka, ina wurgo tsohuwar ciyawa ƙasa da hannu ɗaya don a ga ƙarfi. Kafin la'asar sakaliya ɗakin ya koma tsaiko tsirara, ina zaune a ƙoli ina hango kasuwa.

Sai na ji wata iska mai sanyi ta bugi ƙeyata. Kaji suka fara shigewa ƙarƙashin rumbu. Adiza ta tsayar da taɓarya ta ce a hankali, "Yaya, iska fa ta juya."

Na ce, "Ta bankwana ce."

Ban rufe baki ba ta bankwanar ta yi jifa da tsani. Ta ɗauki sabuwar ciyawar ta watsa gidan maƙwabta. Na waiga in ga mai shanye ruwa, babu shi babu ɗan rakiyarsa. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Ga ni a sama, ba hanyar sauka, na rungume tsaiko da hannu da ƙafa. A ƙasa mata sun cika ɗakin, na gida da na maƙwabta, ana ta jan kwanduna ana salati. Gishiri kuwa ba ya jiran kowa, ina kallo yana bin ruwa fari fat yana fita ta ƙofa. Shunin rigata ya sake, ya bi hannuwana da ƙafafuna. Dara ita ma ta ce ba za a bar ta a baya ba, ja ya gangaro mini ta goshi har haɓa. Duk wannan yana ɗiga a kan gadon matar da nake so ta zama surukata.

Mma Azumi ta tsaya a tsakiyar ɗakinta, ruwa na dukan fuskarta, ta ɗaga kai ta dube ni ta cikin rufinta. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Ɗan Bawku, abokin naka yau ba ya jin ƙishirwa ne?"

Wata maƙwabciya ta nuna ni ta ce, "Mma, ai bai tafi ba, ga shi nan ya sauko kan ɗakinki, ja da shuɗi!" Matan da ke salati suka koma dariya har wata ta saki kwando. Na nemi Adiza da ido, na same ta ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Wallahi na so tsawa ta taimake ni.

Wa ya tayar mini da tsani? Seidu. Ya zo da laima, ko gefen wandonsa bai jiƙe ba. Ya riƙe tsanin da yatsu kamar mai riƙe allura, ya ce, "Sannu da aiki, malamin sama. A sauko a hankali, kada a ɓata rigar."

Shunin ya yi kwanaki bai bar jikina ba. Awakin unguwa suka mai da ƙofar ɗakin wurin zama, suna lasar ƙasa, duk wanda ya wuce sai ya tambayi dalili, a kuma ba shi labari daga farko. Aka sa mini suna Masha-ruwa. Sai daga baya na lura da abin da ko kaji sun sani: ruwanmu daga gabas yake zuwa. Bakan gizon da nake gani da safe a hanya yana yamma ne, a kan ruwan da ya riga ya wuce. Na ranar nan kuwa a gabas yake, a kan wanda ke tafe. Wataƙila kakata ta faɗi wannan, ni ne ban tsaya na ji ƙarshen maganar ba.

Na ɗaure kayana zan koma Bawku ba sallama, sai aka ce ana kira na. Na tarar da Mma Azumi da Baba Alhasan zaune. Na durƙusa ina kallon shuɗayen yatsuna, ina jira a ce tela ya ci.

Mma Azumi ta ce wa mijinta, "A ba shi Adiza. Telan can bai taɓa jin kunya ba, ban san irin mijin da zai zama ba. Wannan kuwa duk Salaga ta gan shi a kan tsaiko. Har ya mutu ba zai ɗaga wa 'yata murya ba."

Baba Alhasan ya ce, "To."

Ba ta yi ƙarya ba. Yanzu ga furfura, ga jikoki, amma da na fara kumbura a gida sai Adiza ta ɗaga kai ta dubi rufi, shi ke nan na sauko. In bakan gizo ya fito kuwa, takan leƙo ta ce cikin ladabi, "Maigida, me ka gani?" In na ce ba za a yi ruwa ba, sai ta juya ta ce a kwashe shanya.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi rantsuwa a kan sama, ka yi ta kana ƙasa, kuma a ƙarƙashin rufin da ba kai ka taɓa shi ba.