Mai Sulhu Ya Rasu a Kan Rufi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi masu ciwo saboda hawa tsani, Baba Mai Eriya, tsohon ma'aikacin gyaran layukan tarho, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan hirarsa ta rediyo rasuwar amininsa, akwatin daidaita eriya, wanda aka fi sani da Mai Sulhu. Marigayin ya cika a kan rufin gidan, a gindin eriyar da ya yi wa hidima shekara goma sha ɗaya, bayan jinyar mako uku. An tabbatar da rasuwar ranar Talata da hantsi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayin akwati ne ruwan toka, bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba. Baba yana da rediyon da ake magana da shi zuwa nesa, yana zaune a ɗaki, eriyarsa kuma doguwar waya ce a sama. Waɗannan biyu ba sa ga maciji. In an bar su su kaɗai, rediyo zai tura magana, eriya ta maido masa da ita a fuska, shi kuma ya yi zuciya ya kame bakinsa. Marigayin ne yake shiga tsakani. Da an danna masa, sai a ji shi daga ƙasa, ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, ƙananan makunnan cikinsa suna shawara, can sai ƙit, an shirya. Bai taɓa neman godiya ba. Rana ta dake shi, ruwa ya zane shi, tattabaru sun yi masa abin da suka saba, bai kai ƙara ko sau ɗaya ba.

Ya bar rediyo guda, mai ji amma ba ya iya cewa uffan. Ya bar eriya mai tsawon taku arba'in, wadda ta koma wurin shan iskar tsuntsaye, da igiyar wuta da ke saukowa ta taga, da mita mai allura da ta sha wahalar jinya. Ya kuma bar wani dattijo a can nesa, wanda saboda shi ne wannan sanarwa ta yi wa mai makokin nauyin rubutawa.

Dattijon yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya koya masa buga saƙo da maɓalli, gajeren ƙara da dogo, wato ɗigo da ja, tun suna samari. Shekara huɗu ke nan da shanyewar jiki ta ɗauke wa Yaya magana, idanu kuma dama sun riga sun yi gaba. Yana zaune wurin 'yarsa a bayan duwatsu, inda sai an sauko gari ake samun layin waya. Abin da ciwon ya bar masa shi ne kunne da yatsu biyu na hannun hagu. Da su yake kiran ƙaninsa kowace Asabar ƙarfe huɗu na yamma, su yi rabin awa suna zagin juna da ɗigo da ja. Duk wannan ta cikin marigayin yake wucewa.

Ciwon ya fara ne da 'yar gargada. Ƙas-ƙas, sai ya tsaya, ƙas, kamar mai neman kalma. Washegari aka danna, tsit. Baba ya ɗauko mita ya fara daga ƙasa, yadda aka koya masa a wurin aiki. Ya duba fis, lafiya lau. Ya auna ƙarfin wuta a ɗaki, goma sha biyu cif, yadda ya kamata. Ya hau tsani ya auna a bakin akwatin, nan ma goma sha biyu. Ya zargi igiya, ya bi ta taku-taku yana matsawa, ya yanke kawunanta biyu ya sake ɗaure su da dalma, ya ƙone babban yatsa a banza. Ya zargi tsawar makon jiya. Ya zargi ɓera. Har mai ɗakinsa ya zarga, wai ko ta rataya shanya a igiyar. Baiwar Allah ta dube shi ta ce shekara talatin da takwas tana haƙuri da wayoyinsa a tagarta, in da za ta kashe wani abu a gidan nan ai ba da akwati za ta fara ba. Akwatin kaɗai bai buɗe ba, domin ya yi rantsuwa ko iska ba ta shiga cikinsa. Shi da hannunsa ya tabbatar da haka.

Asabar ta farko ya zauna gaban rediyo, ƙarfe huɗu daidai ya ji Yaya yana kira. Ya danna maɓalli, allura ta tashi ta buga ƙarshe, rediyo ya ƙi fitar da komai. Haka ya zauna yana jin sunansa yana maimaituwa rabin awa, hannunsa a kan maɓalli.

Aka kira 'yar Yaya ranar da ta sauko gari, aka yi mata bayani, ta koma ta faɗa masa. Yaya ya girgiza kai, a ganinsa ƙanin ya mutu ne ake ɓoye masa. To, ina laifinsa? Lokacin da ƙanwarsu ta rasu, wata biyu dangi suka ɓoye masa, kullum ana ce masa tana gaishe shi. Baba ma yana cikin masu kawo gaisuwar. Aka ɗauki muryar Baba a waya aka kai masa har kunne, ya ture, ya rubuta wa 'yarsa a tafin hannu cewa muryar matacce ma ana ajiye ta. Wani abokin hira ya kira shi ta rediyo da saƙon Baba, Yaya ya amsa masa a taƙaice cewa wannan ba hannun ƙaninsa ba ne. Masu wannan sana'a sun sani, kowa da tafiyar hannunsa a kan maɓalli, ba a aro, ba a kwaikwayo. Hannun Baba yana ɗingishi a kan ja, kuma shi kaɗai Yaya zai yarda da shi. Zuwa wurinsa kuwa, hanya kwana biyu ce, ruwa ya cinye gada. 'Yar ta ce Yaya ya rage cin abinci. Asabar da ta wuce, sau uku kawai ya kira, ya kashe.

Ranar Talata maƙwabci mai gyaran firji ya ga Baba yana fama a kan tsani, ya zo ya riƙe masa, sannan ya bi shi sama. Shi ya ɗaga akwatin ya ji yana kwacal-kwacal. Suka kwance kusoshi, ruwa ya zubo kusan rabin kofi. Makunnan nan duk sun yi kore shar, wasu sun manne, ɗaya ya ƙone ƙurmus. Mai firji ya juya gindin akwatin, ya sa farce ya ɓanɓare wani ɗan danƙo fari, sai ga ƙaramin rami. Ya ce wannan ai hancinsa ne, masu ƙera shi da gangan suka bar shi. Ƙarfe in ya sha rana ya huce yakan yi zufa daga ciki, ta nan zufar take fita, wane mara imani ne ya toshe?

Mara imanin dai Baba ne. Bara, gab da damina, ya ga ramin ya tausaya wa amininsa, ya sayo danƙo mai kyau ya liƙe, ya sauko yana yabon kansa. Garin neman gira aka rasa ido. Mai makokin yana amfani da wannan dama ya janye zargin da ya yi wa tsawa da ɓera, ya kuma nemi gafarar mai ɗakinsa a bainar jama'a. Ta ce ta ji, za ta yi tunani. Shi dai tun ranar bai sami natsuwa ba.

Game da jana'iza: an yi odar magaji, amma sai bayan mako shida zai iso, kuma babu mai tabbacin Yaya zai jira. Don haka ranar Asabar da safe za a sauke eriya a datse ta, yatsa biyu-biyu ana aunawa, har ta zo daidai da zangon da Yaya yake kira, inda rediyo zai iya yarda da ita babu ɗan tsakani. Daga ranar eriyar ba za ta ƙara aiki a wani zango ba, Baba ya yi sallama da sauran duniya, yana ba abokan hira haƙuri. Masu zuwa su taho da tef ɗin awo da filaya, masu sauran gwiwa su riƙe tsani.

Gawar tana kan teburin aiki, a buɗe, ga mai son ganawa da ita. Makunnai uku da suka tsira an bar wa mai firji. Za a karɓi ta'aziyya a tsakar gida har ƙarfe huɗu saura kwata, daga nan ana roƙon kowa ya kashe wayarsa, a ɗauke yara, mai tari ya fita waje. Ba za a ɗauki gawa ba sai an ji daga bayan duwatsu. Idan huɗu da rabi ta yi ba a kira ba, jama'a su watse a hankali, kada kowa ya tambayi mai makokin komai.