Jarrabawar Mai Garaya

Wani abokina direba ne a hukumar raya al'adu ta wata jiha, shi ya ba ni wannan labari, kuma har yau in na tuna sai na dara. Hukumar ce ta tashi kai makaɗa bikin al'adu na ƙasa, sai wani mai dabara a ofis ya kawo tsarin cewa ba wanda zai shiga motar sai ya yi bitar kwana uku, ya ci jarrabawa a kan kiɗan gargajiya. Cikin waɗanda aka tara har da Baba Nomau, tsoho mai garaya, wanda ya fi shekara hamsin yana yi wa mafarauta kiɗa. Bai taɓa wuce iyakar jiharsu ba, don haka tafiyar nan ta shiga ransa sosai. Har sabuwar riga ya ɗinka, ya bi gari gida-gida yana sallama.

Ranar jarrabawa, da yake Baba ba ya rubutu, sai aka yi masa ta baka. Jami'in da ke tambayar matashi ne mai tabarau, ya rungume wani littafi mai kauri da wani daktan jami'a ya rubuta. Komai ya tafi daidai, saura maki ɗaya Baba ya haye, sai aka zo tambayar ƙarshe: wa aka yi wa waƙar nan ta "Na Gaban Dawa"?

Baba ya washe baki, ya ce ai wannan ta kwana gidan sauƙi. Wani maƙwabcinsa ne mai cika baki, talotalo ya kora shi har kan rumbu, shi ne aka yi masa ita don tsiya.

Jami'in ya girgiza kai, ya buɗe littafi ya karanta masa cewa an yi waƙar ne ga wani jarumin maharbi da ya tari zaki shi kaɗai.

"Baba, ka yi haƙuri, ka faɗi. Sai dai wata shekarar."

"Yaro, wa ya faɗa wa mai littafin haka?"

"Ai ba ji-ta-ji-ta ba ce, Baba. Dakta da kansa ya je har ƙauye, ya ɗauki maganar daga bakin makaɗin da ya yi waƙar."

Tsohon ya tambaya ko daktan wani dogo ne mai ƙaramar rikoda, wanda ya je da rani a kan babur. Jami'in ya duba hoton da ke bayan littafi, ya ce dogo ne kam.

Baba Nomau ya gyara zaman garayarsa a kafaɗa, ya ce:

"To ai ni ne makaɗin. Ya zo mini hannu rabbana, ko goro babu, ni kuma na shirga masa zaki. Yanzu ƙaryata ta ba shi digiri, gaskiyata kuma ta hana ni kujerar mota?"