Askin Sandunan Ƙanƙara

Allah bai hana gundumarmu manyan mutane ba, amma irin Jumakadir Osmonaliyev sai an tona. Shi ne sabon Daraktan Ofishin Kula da Ƙanƙarar Tsauni, masanin da ya san ƙanƙara ciki da bai, musamman wadda ke cikin firjin ofishinsa. Ma'aikata suka laƙaba masa Uban Sanyi, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Shekara goma sha tara ke nan Burul, ma'aikaciyar awo, tana hawa tsaunin. Kowace bazara takan huda ƙanƙara ta kafa sandunan katako, da kaka ta koma ta auna tsawon da ya fito fili. Iya abin da ya fito, iya abin da ya narke. Awonta na bana ake jira a babban birni, don da shi za a yanke ko a gina wa ƙauyensu madatsar ruwa kafin rafin da ke samun ruwa daga ƙanƙarar ya ƙafe.

Uban Sanyi ya ce ba mai taɓa awo sai ya buɗe da kansa. Ya iso bisa doki, mutum biyu na riƙe da linzami, na uku na riƙe da shi. Ya dubi sandunan: wannan ta kai ƙirji, waccan ta wuce kai, wata ma ta karkace.

"Wane irin sakaci ne wannan? A ofishina ko fensir ba ya fin ɗan'uwansa tsawo. Hoto za a kai wa manya. A aro zarto wurin makiyaya, kowace ta tsaya a gwiwa."

"Ranka ya daɗe, ai tsawon nan shi ne awon," in ji Burul. "Bari in auna tukuna."

"Ƙanwata, taro uku na halarta kan ɗumamar yanayi, biyu ma a sahun gaba. Ke kin san sanyi, ni na san tsari."

Aka yi wa sanduna arba'in aski. Burul ta bi tana tsince guntaye, tana rubuta lamba a jikin kowane, da niyyar haɗa lissafi daga baya. Ta tara su, ta je ɗauko na ƙarshe. Kafin ta dawo an hura wuta da su, domin Darakta yana son shayi.

Da ya ji ɗumi sai ya auna da hannunsa mai albarka. Ko'ina tsawo ɗaya, kuma kaɗan. Ya rubuta wa babban birni cewa cikin wata huɗu kacal na shugabancinsa, ƙanƙara ta shiga taitayinta.

Amsa ta zo bayan sati uku. Ya tara ma'aikata, ya gyara murya, ya karanta sakin layi na farko: tunda narkewa ta tsaya, an soke madatsa. Burul ta sunkuyar da kai. Ya jira tafi, bai samu ba, ya ci gaba.

Na biyun a zuci ya karanta shi. Ƙanƙarar da ta warke ba ta buƙatar ofishi. An gode masa matuƙa, an ce ya miƙa makulli ranar Litinin.