Ranar da Na Tsayar da Maman Ladi Takara

Ba zan taɓa mantawa da abin da Malama Rabi ta yi min ba, kuma kada wanda ya ce in yi haƙuri. Ta san ban san dokar wasan ba, ta sake ni cikin taro kamar akuyar da ta tsinke igiya a layin 'yan kayan miya. Macen da ta haura hamsin ba ta taɓa ganin muhawara ba sai faɗa, ai zaunar da ita ake yi a yi mata bayani. Ita dai ta ce ta yi bayanin, ni ce ba na nan. To, bakinta ciwo zai yi in ta maimaita?

Ni mai masa ce a Gwallaga, cikin garin Bauchi. Ban taka makarantar boko ba sai da na aurar da 'ya'ya uku. Wadda ta ja ni makarantar manya kuwa ita ce Maman Ladi, mai injin niƙa a bakin layinmu. Gidanta na Yelwa, amma shekara da shekaru ita ke niƙa min shinkafar ƙullu. Ta ci naman Sallata, na ci shinkafar Kirsimetinta. Da maigidana ya rasu, rufe injin ta yi ta zo ta zauna da ni har aka yi addu'ar bakwai. A benci ɗaya muka koyi rubuta sunanmu. Na fi ta baki, ta fi ni hankali, kuma kowa a ajin ya san da haka, har ni.

Malamarmu, Malama Rabi (yarinya ce, sa'ar 'yata ta biyu), takan ware ranar Alhamis don abin da duniya ke ciki. Yau na'urar tantance masu zaɓe, gobe irin masarar da aka ce an sarrafa a ɗakin bincike, jibi wayar nan da ke amsa tambaya kamar mutum. A nan nake baje kolina. Ba na ɗaga hannu, murya nake ɗagawa. Lissafi na iya kayar da ni, amma gardama sai dai a bar min.

Wata rana ina tsaye a wurin niƙa, inji na ta ruri, Maman Ladi ta jawo kunnena ta ce matan unguwarsu sun matsa mata ta tsaya takarar kansila. Ta ce zuciyarta ta kwanta da abin.

Na ce, "Baban Ladi ya sani?"

Ta ce, "Rufa min asiri, ƙawata! Mutumin da ko shugabancin matan coci aka ba ni sai da ya yi sati ba ya cin tuwona? Sai bayan bikin Ladi zan lallaɓa shi. Ke kaɗai na gaya wa."

Na dafa ƙirji na ce ko wuƙa aka sa min a wuya ba mai ji daga bakina. (Ku riƙe wannan alkawarin, za ku ga yadda na cika shi.)

Da ƙarshen zango ya zo, sai Malama Rabi ta shirya muhawara a gaban iyalanmu da manyan baƙi. Batun shi ne wanda ake ta ja-in-ja a kai a rediyo: a yi doka a ware wa mata kujeru na musamman a majalisa, ko kada a ware. Ranar da aka raba mutane gida biyu ina Zungur wajen bikin 'yar ƙanena. Ashe tsinken tsintsiya Malama ta karya, kowa ya ja. Mai dogo ya goyi baya, mai gajere ya yi adawa, ko da kuwa abin da ke ransa daban ne. Ni aka ja min dogo a bayan idona. Maman Ladi ta ja gajere. Aka kuma ce kada ɓangare ya yi zancen da ɓangare, ita kuwa Maman Ladi in aka kafa doka, ko a mafarki ba ta karya ta.

Da na dawo, abin da Malama ta ce min ke nan: "Inna, kina cikin masu goyon baya."

Na ce, "Da a ina kike so in kasance?"

Ta yi dariya ta wuce. Ni kuwa a zatona 'yan ajin maza za a kawo mana, su Malam Garba kafinta, har na fara wasa harshe.

Ranar taron na makara, don sai da na sayar da ragowar masa. (A lokacin ne, in ji su, aka sake yi wa jama'a bayanin tsinken tsintsiyar. Wannan ma ban ji ba.) Na shigo da sabon leshina ina ƙamshin turare da ɗan hayaƙi, na tarar zauren ya cika. Ga wata lauya daga GRA da tabarau a kan hanci, ita ce alƙaliya. Ga 'ya'yanmu da jikoki. Ga Baban Ladi a layin gaba, tsohon direban asibiti, dattijo mai tsit, ya ɗora hularsa a gwiwa. Sai na hango Maman Ladi a teburin da ke fuskantar namu. Na ce a raina, Allah sarki, kujeru ne suka ƙare a wajenmu. Har na ɗaga mata hannu.

Ni na fara, kuma ba yabon kai ba, na yi magana. Na ce ranar zaɓe wa ke cika layi tun sanyin safiya, da goyo a baya? Mu. Wa ake kwasowa a mota a ba shi atamfa ya yi guɗa? Mu. Amma in za a fitar da ɗan takara, sai a sa taron a lokacin da duk macen kirki tana gida ta kulle ƙofa. Na ce mutumin da bai taɓa naƙuda a bayan keke napep ba shi ke yanke yadda za a yi da asibitin haihuwa. Aka tafa. Na zauna ina fifita da gefen mayafi kamar wadda ta ci zaɓen.

Sai aka kira mai adawa ta farko. Maman Ladi ta miƙe.

Ta gyara ɗankwali, ta gaida alƙaliya, ta ce, "Ni ban yarda a ware wa mata kujeru ba."

Wallahi na ɗauka kunnena ne. Ta ci gaba, a nutse, kamar tana auna gero. Ta ce kujerar da aka ba ka kyauta, wanda ya ba ka shi ke da ita. Ta ce in aka ware, su wa za su hau? Mai masa ko mai inji? Matan manya ne da ƙannensu, waɗanda ba su san kuɗin keke daga Wunti zuwa Yelwa ba. Ta ce majalisar da ake kuka da abin da take ci, a ƙara mata baki? Ta ce a gyara yadda jam'iyya ke fitar da 'yan takara, mace ta shiga fili ta kayar da namiji da ƙafarta.

Abin da ya fi ƙona min rai, maganar tana da ma'ana. Jama'a na gyaɗa kai. Baban Ladi har da murmushi, yana duban na kusa da shi, wato ku ga matata. Ni kuwa na daina fifita, na zuba wa Maman Ladi ido. Matar da muka raba sirri da ita! Ashe fuska biyu gare ta? A gaban mijinta da 'yan GRA sai ta sayar da mu?

Ta rufe da cewa, "Mace mai mutunci ba ta roƙon kujera."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ta kusa da ni ta ja min zane, na fizge.

"Ƙarya kike, Maman Ladi!"

Mai kula da lokaci ta kaɗa ƙararrawa. Malama Rabi ta ce, "Inna, ba lokacinki ba ne, zauna."

"Ba zan zauna ba! A gaban idona za a yi munafunci? Maman Ladi, dube ni nan. Ba ke kika ja kunnena a gindin inji kika ce min kansila za ki tsaya ba? Ba ke kika ce matan unguwarku sun gama shiri ba? Ba ke kika ce in rufa miki asiri, Baban Ladi bai sani ba, sai bayan biki za ki lallaɓa shi? Yau kuma mace mai mutunci ba ta neman kujera?"

Na tsaya ina haki, ina jiran tafi.

Ko tari ba wanda ya yi. Fankar sama kaɗai ke juyawa. Maman Ladi ta tsaya da baki buɗe. Sai a lokacin na tuna wanda ke zaune a layin gaba.

Lauyar nan ta sauke tabarau ta ce, "Hajiya, ba a gaya miki ƙuri'a aka ja ba?"

"Wace ƙuri'a?"

"Tsinken tsintsiya. Ita gajere ta ja. Aikinta ne ta kare wannan ɓangaren, ko ta yarda da shi ko ba ta yarda ba. Da ke kika ja gajeren, da ke ce a wancan teburin."

Na ce, "Ni? In faɗi abin da ba shi ne a raina ba?"

Ta ce, "Mu kullum shi muke yi a kotu, har a biya mu."

Nan zauren ya fashe. Har da masu buga benci. Wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa ta ce, "Sai Maman Ladi! Kansila!" Na nemi ƙasa ta tsage in shige, siminti ne, ta ƙi.

Baban Ladi bai yi dariya ba. Ya miƙe a hankali, ya kaɗe hularsa ya sa, ya dubi matarsa ya ce, "Saratu, ashe 'yar takara nake kwana da ita a gida. Duk Bauchi ta sani sai direba." Ya fita. Maman Ladi ta bi bayansa, ta wuce ta gabana ko kallo ban ishe ta ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ɓangarensu aka ba nasara, ba sai na faɗa ba. Kafin la'asar hoton bidiyona ya zaga wayoyin Gwallaga, ina nuna yatsa, ɗankwali ya karkace. 'Yata ta biyu ta kira ni tana dariya har da shaƙewa, wai, "Inna, ke ce mutum na farko da ya ci wa abokan hamayya wasa da bakinsa." Na kashe wayar.

Da yamma na leƙa bakin layi, inji a rufe da kwado. Shinkafata na jiƙe a bokiti. Akwai wani injin a gaba kaɗan, amma ƙafata ta ƙi zuwa. Na zauna a kan turmi ina tunani. Ba masar ce ta dame ni ba. Mace ta ɗauki abin da ta fi so a ranta ta ba ni ajiya, na fasa shi a tsakiyar kasuwa. In Baban Ladi ya ce a'a yanzu, a'a ɗin ta zauna, don namijin da aka kunyata a gaban jama'a ba ya saurin sauka. Takara ta tafi, ƙawance ya tafi, ni ce sila.

A kan turmin nan na gane abu biyu. Na ɗaya, wanda ya tsaya a teburin da ke fuskantarka ba lalle maƙiyinka ba ne, wataƙila tsinkensa ne gajere. Na biyu, na lura Maman Ladi ta fi ni sanin raunin maganata, don an tilasta mata ta zauna a ɗaya gefen ta duba. Ashe in aka sa mutum ya kare abu da bakinsa, dole sai ya leƙa cikinsa. Wannan na biyun shi ya ba ni dabara.

Washegari ban kunna wuta ba. Masu zuwa sayen masa suka tarar da tanda a kife. Na zari tsinke biyu daga tsintsiyata, na hau keke sai Yelwa.

Na samu Baban Ladi a ƙofar gida kan kujerar roba, rediyo a kunne. Maman Ladi na daga ciki tana shara, ta gan ni ta juya baya. Na durƙusa har ƙasa, abin da gwiwata ta manta yadda ake yi.

"Ina kwana, Baban Ladi."

"Lafiya lau, gidan rediyon Gwallaga. Yau wane labari kika kawo mana?"

Na ce, "Na cancanci wannan. Na zo ban haƙuri, wajenka da wajen ƙawata. Amma kafin ka kore ni, alfarma ɗaya nake roƙo. Jiya ka ga yadda ake yi. Mu yi tamu muhawarar a nan, ni da kai, a kan takarar Maman Ladi. Ita ce alƙaliya."

Sharar ta tsaya.

Na miƙa masa dunƙulen hannuna, kan tsinke biyu na leƙowa. "Ja ɗaya. In ka ja gajere, ka yi adawa son ranka, ni in kare ta. In ka ja dogo, kai za ka tsaya ka gaya mana dalilin da ya sa matarka ta cancanta, ni in yi ta kushe ta. Doka ce, ba a fasawa."

Ya dube ni, ya dubi hannuna. Gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "Ke za ki kushe Saratu a gabana? Matar da ta riƙe gidan nan da inji ɗaya?"

Na ce, "Ka ajiye hujjarka tukuna, ai ba ka ja ba."

Ya rage muryar rediyo, ya sa yatsa biyu ya zaro. Dogo ne.

Na yi maza na cusa ɗayan a ƙugun zanena. Shi ma dogo ne.