Paraska, Bindigar Kaka Panas, Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, iyalan Panas Kucherenko na ƙauyen Lozuwatka, a gaɓar kogin Dnipro, suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda ƙararta ta taɓa firgita masa kaji, cewa bindigarsa Paraska ta rasu ranar idin tsarkake ruwa, a kan ƙanƙarar kogi, a gaban jama'a.

Marigayiyar bindigar toka ce irin ta Kosakawa, mayaƙan ƙasar na zamanin da, doguwa, siririya, ƙotarta da adon ƙashi da tagulla. Tun da sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ne, dole a faɗa cewa ba ta taɓa zuwa yaƙi ba. Wani maƙeri ne ya ƙera ta yana kwaikwayon wadda ke gidan tarihi. Amma Kaka Panas ba ya son a yi wannan magana a gabanta.

An shaide ta da tausayi, don ko zomo ba ta taɓa kashewa ba. An shaide ta da ƙanƙan da kai: duk inda aka auna, ita gefe take bi, kada ta kunyata sauran bindigogi. Aibinta ɗaya, jinkiri. Duk wanda ya san ta ba zai manta muryarta ba. Sai dutsen ƙyastu ya ce ƙyas, albarushin kunnenta ya ce fusss, sannan shiru, shiru mai tsawo kamar tana tunani, sai can ta ce ɗummm.

Wannan jinkiri shi ne ciwon ran Kaka Panas. Kowace shekara, idan an fasa ƙanƙara limamin coci, Fada Serafim, ya tsoma gicciye a ruwa karo na uku, maza sukan harba sama gaba ɗaya, albarushi zalla babu harsashi. Paraska ba ta taɓa shiga sahu ba. Wata shekara sai da Fada ya soma wa'azi ta amsa. Wata shekara kuma ruwan albarka ya jiƙa mata kunne, don Fada ba ya rowar yayyafi, ta yi gum har aka watse. Shi kuwa Mikita, maƙwabcinsa mai bindigar zamani, kullum sai ya leƙo ya ce, "Sarkin Yaƙi, gaya mata an gama, ta ajiye sai baɗi."

Bara ta yi mai gaba ɗaya. Ta tashi daidai lokacin da matar Kaka, Horpina, ta sunkuya ɗiban ruwan albarka, tulun da ta gada wurin mahaifiyarta ya suɓuce ya nutse. A nan bakin ramin Horpina ta yanke hukunci: in Paraska ta sake makara bana, gidan abincin bakin titi za a kai ta, a rataye ta a bango tsakanin albasar roba da kan barewa. Kaka bai yi musu ba, ya san matarsa. Amma tun da sanyi ya shigo bai ci abinci da daɗi ba.

Ciwon ajalinta gajere ne. Da safiyar idi Kaka ya sa mata sabon dutse, ya ɗura mata albarushi awo ɗaya kamar kullum, ya jingine ta a zaure, ya shiga ɗaki sa jan wandonsa mai faɗi da murza gashin baki, aikin da ba ya yi da gaggawa. Yana da al'adar zura sandar ɗuri ya duba abin da ke cikinta kafin ya fita. Ran nan bai duba ba, tun da da hannunsa ya ɗura. A kogi ya cire hularsa ya rufe mata kunne saboda yayyafin Fada, ya bar sanƙonsa a sanyi.

Gicciye na shiga ruwa karo na uku, Paraska ta ce ƙyas-ƊUMM, babu shiru a tsakani. Ta riga kowa. Hankaki suka tashi har daga wancan ƙetare, Kaka kuma ya tafi da baya a kan ƙanƙara bai tsaya ba sai a ƙafafun mawaƙan coci. Ba wanda ya ji rauni. Amma da hayaƙi ya washe, an ga ƙotarta ta tsage, cikinta ya kumbura kamar macijin da ya haɗiye kwaɗo.

Dalilin mutuwar a wurin cin abinci ya fito. Kaka na ta rantsuwa awo ɗaya ya sa, sai Horpina, tana zuba miya ba ta ko ɗago kai ba, ta ce ita dai ta gan ta tsaye a zaure a rame, ta san tsohon nan horon yunwa yake mata shi ya sa ba ta da kuzari, sai ta ƙara mata kaɗan ta danna takarda a kai. Mikita ya ajiye kofinsa a hankali, ya ce shi ma da ya biyo ta zauren ya ɗan taimaka.

"Kai kuma don me?" in ji Kaka.

"To in aka kai ta gidan abinci, wa zan riƙa yi wa tsiya?"

Kaka ya dubi matarsa, ya dubi Mikita, ya daɗe yana shafa sanƙo. "Ashe ƙoshi ne ya kashe ta," ya ce. "Tsohuwa, haka kike wa kowane baƙo a gidan nan. Amma dai kin ji ta? A kan lokaci."

"Kurma ma ya ji ta. Ci abincinka."

Marigayiyar ta bar ƙanwarta, wata gajeriyar bindiga da ba ta taɓa cewa uffan ba, da takobin da ake yanka kankana da shi ranar biki, da ƙahon albarushi wanda yanzu ya rasa wadda zai shayar. Ta kuma bar Kaka Panas, wanda kunnensa na dama har yau yake jin ta.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Ba za a kai ta gidan abinci ba. Horpina da kanta ta sauke farantanta na ado daga bangon da ke saman teburin cin abinci, ta ce nan ne makwancinta, za kuma ta yafa mata mayafin da ta yi wa ado da jan zare tun tana budurwa. Akwai miya da burodi ga duk wanda ya zo. Ana roƙon masu ta'aziyya, don Allah, kada kowa ya sa wa mamaciyar komai a baki.

Mikita ne zai yi harbin ban kwana a tsakar gida. Idan Kaka ya ɗaga hannu, an roƙe shi kada ya harba nan take. Ya ɗan jira tukuna, kamar yadda ta saba.