Santsi a Gindin Randar Inna Rahama

Anas mai aikin tayil a Gusau shi ya shimfiɗa wa kakarsa, Inna Rahama, tayil mai sheƙi a gindin randarta a Rawayya. Kwana tara da gamawa santsi ya kwashe ta tana alwala, ƙugu ya bugu. 'Ya'yanta suka dage sai ta koma birni a kula da ita. Da Anas ya zo dubiya, sai ya tarar da ita zaune dirshan da guduma da ƙusa, tana sassara tayil ɗin.

"...Ya ƙarfin jiki kuma, amaryata?"

"Da sauƙi, makashi. Gado kaka so tun ina numfashi?"

"Wane gado, akuya ɗaya da tsohuwar fitila? Aje gudumar nan, kina ɓata mani aiki."

"Gyara shi nika yi. Madubi ka shimfiɗa min a ƙasa. An ce maka da ƙafa nika duba fuska?"

"Kar ki ɗora wa tayil laifi, Inna. Ai wanga faso na ƙafarki ko kan gilashi ya isa ya riƙe ki. Ara min shi in goge katako."

"Ya fi sanƙon da ka fara amfani. Ƙuda ma in ya sauka nan sai an kai shi wurin mai ɗori."

"Ni fa koyon aikin ga na yi. Har na'urar auna kaushi na taɓa riƙewa."

Ta ɗaga babban yatsanta. "Ga tawa na'urar. Dutsen niƙa in ya yi sumul, gero gudu yake, sai an sare shi ya yi haƙora. Ƙasa ma haka take. Kuma ka gaya wa ubanka ba inda za ni."

Ta kamfato ruwa da moɗa ta watsa.

"Taka nan inda na sara."

Ya taka, ƙafa ta zauna daram.

"To, taka can wurin gwanintarka."

Taku ɗaya ya yi, sai ga shi zaune cikin ruwa, hula a gefe. Ya daɗe yana dariya kafin ya iya magana.

"Na bi, tsohuwa. Ran Asabar zan kawo tayil mai kaushi, Baba kuma ni zan tare shi."

"Kafin Asabar ɗin sama zan taka?" Ta miƙa masa gudumar. "Tunda ka riga ka zauna, fara daga nan."