Ranar da Na Gyara Agogon Baba Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin aurena ba, ko da na so in manta, domin uwargidana Binta ba ta gajiya da bai wa baƙi labarin. Gara ku ji daga bakina, don ita in ta tashi bayarwa har gishiri take ƙarawa.

Lokacin ina malamin firamare a Ƙanƙara. Zamanin da kuɗin man fetur suka fara kwarara ne, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya rikice. Wani ya sayi babur, wani ya sayi rediyo mai kaset wanda sai an saɓa a kafaɗa, hedimastanmu kuwa firij ya saya alhali gidansa babu wutar lantarki (manyan rigunansa yake ajiyewa a ciki, wai don asu). Ni ciwona agogo ne. Ba sababbin nan masu batir da suka fara shigowa ba, tsofaffi 'yan Suwizalan, masu nauyi, waɗanda ake wanawa da hannu kowace safiya. Alhazai sukan dawo daga Makka da masu nuna lamba, su jefa tsofaffin a ƙasan akwati, ni kuma in bi su da lallashi daga Faskari har Sabuwa. Na tara su a gwangwanin biskit da na shimfiɗa wa auduga. Biyu nake ɗaurawa, ɗaya a kowane hannu, in an tambaye ni in ce ɗaya yana duba aikin ɗan'uwansa ne.

Gyara kuwa a Funtuwa na koya, wajen tsayawa a kan wani mai gyaran agogo na bakin tasha duk ranar Asabar, har ya gaji da ni ya sayar mini da tsohon gilashinsa na maƙalawa a ido da hantsaki da 'yan sukundirebobi. In faɗi gaskiya, hannuna ba laifi. Bakina ne matsalar. Duk inda na zauna, wa'azina ɗaya ne: mutanenmu ba su san darajar lokaci ba, shi ya sa aka bar mu a baya. Har mai shayin bakin makaranta ya haddace.

Binta marainiya ce. Mahaifinta ya rasu a wajen aikin Hajji tana ƙarama, don haka waliyyinta shi ne ƙanen mahaifin, Alhaji Mamman na Tafoki, falken shanu, mutum mai tsadar magana. Bai taɓa ɓoye cewa ban kwanta masa a rai ba. An kawo mini gulma cewa ya ce yaron nan surutunsa ya fi shi nauyi. Da ƙyar da jiɓin goshi mahaifiyar Binta ta shawo kansa ya yarda, kuma kowa ya san in ya sake shawara babu mai tanƙwara shi. Ni kuwa ina son Binta kamar raina, don haka kullum neman hanyar burge dattijon nake.

Ana saura mako guda a ɗaura aure, muka je gaishe shi ni da aminina Lawal. Na durƙusa a gefen tabarma, na sunkuyar da kai irin na surukin kirki, sai idona ya sauka a kan tsintsiyar hannunsa. Wayyo! Agogo ne irin wanda nake mafarki, mai ruwan zinariya, fuskarsa ta yi launin madara saboda tsufa, gilashin duk ya dushe da ƙarzuwa. Na saci kallon nawa na dama, na saci kallon na hagu. Na Baba Alhaji yana gaba da su da awa biyu cif. Mai hankali zai tsaya ya ce, wane irin ciwo ne zai sa agogo ya yi gaba da awa biyu ba ƙari ba ragi? Ni dai zuciyata cewa ta yi, ga dama ta samu.

"Baba, agogon nan yana son wanki," na ji bakina ya faɗa.

Lawal ya mintsine ni a cinya. Alhaji ya dube ni, ya dubi agogon.

"An ce mani kana taɓa su," ya ce. "Ni ma ina son shi yi haske ran auren ɗiyar ga." Ya kwance shi, ya daɗe riƙe da shi a tafin hannu kafin ya miƙo. "Amma hwa ka lura da lokacinshi, don shi..."

"Na gani, Baba. Tun da na zauna na gani. A bar mini komai."

Sai ya yi mini wani kallo mai taushi wanda bai taɓa yi mini ba. "Ka gani kau? Tau madalla. Ashe kana da hankali."

A hanyar komawa ko ramukan titi ban ji ba don daɗi.

Makon nan kaf a kan agogon na ƙare. Na warware shi a kan farin ƙyalle, na wanke haƙoransa ɗaya bayan ɗaya da fetur a cikin faranti, na ɗiga masa mai da tsinin allura, na goge gilashin da man goge baki har ina ganin fuskata. Da na mayar da komai ya fara bugawa, sai da na ji ƙwalla. Na jira rediyo ya faɗi lokaci, na saita shi daidai da na Najeriya, ina cewa a raina, Allah sarki dattijo, shekara nawa ya yi yana yawo da ƙarya a hannu. Ana gobe ɗaurin aure na naɗe shi a hankici na ba Lawal ya kai Tafoki. Bai sami Alhaji ba, ya tafi kara cinikin shanu, sai Hajiyarsa ta karɓa ta sa a aljihun babbar rigar da zai saka.

Ni na matsa aka sa ƙarfe goma na safe, kuma duk wanda na gayyata sai na ja masa kunne: "Goman Bature fa, ba goman Bahaushe ba." Ranar aka tashi da marka, yayyafi ba ƙaƙƙautawa, sama ta yi toka-toka, ba ka iya cewa ga inda rana take. Duk da haka mutane suka zo a kan lokaci (ina zargin don su huta da bakina ne). Liman ya zauna a zauren gidan su Binta, kawuna da zai karɓa mini aure ya zauna, ga goro, ga alewa. Ni kuma, kamar yadda aka saba ango ba ya shiga cikin manya, ina ɗakin Lawal a ƙetaren hanya, ina leƙe ta taga.

Goma ta yi, babu waliyyi. Sha ɗaya ta yi, shiru. Daga nan gutsiri-tsoma ya fara: Alhaji ya fasa, dama ai ba ya so. Wata tsohuwa ta fito daga cikin gida ta ce amarya ta kulle kanta a ɗaki tana kuka. Liman ya ce yana da wani ɗaurin auren a Ketare, ba zai wuce azahar ba. Na hango kawuna yana laluben takalmansa. Tsoro ya juye ya zama fushi, na miƙe a tsakiyar abokai na ɗaga murya:

"Kun ga abin da nake faɗa kullum? Na gyara wa mutum agogo, amma halin rashin sanin lokaci wa zai gyara masa?"

Tagar a buɗe take. Duk wanda ke rakuɓe a ƙofar zauren ya ji, kuma kafin ƙiftawar ido na ciki ma sun ji.

Can sai ga a-kori-kurar Alhaji ta shigo, duk ta yi kaca-kaca da taɓo. Ya sauko a natse, yana gyara hula, har da murmushi. Lawal da ke bakin zauren shi ya ba ni labarin abin da ya biyo baya.

"A'a, ashe kun yi sammako haka?" in ji Alhaji.

"Sammako, Alhaji?" in ji Liman. "Ai azahar ta kusa."

Alhaji ya ja hannun riga. "Allah shi gafarta Malam, sha biyu saura. Goma ke nan ba ta cika ba. Ni dai na ce sahiyar yau ta ƙi tahiya, amma agogon ga bai taɓa yi mani ƙarya ba."

Kawuna ya miƙa nasa hannun kusa da na Alhaji. Sha biyu saura a nan, sha biyu saura a can. Alhaji ya daɗe yana kallon agogunan biyu, sa'an nan ya ce, "A kira mani yaron."

Jama'a, an taɓa kiran ango gaban surukansa ranar ɗaurin aurensa, a tsakiyar taro? Na tsallaka hanyar nan a cikin yayyafi, sabuwar shaddata tana shan taɓo, na tuɓe takalma, na durƙusa, ga agoguna biyu suna ƙyalli a hannuwana kamar ankwa.

"Kai ka taɓa lokacinshi?"

"Na... na ga yana gudu ne, Baba, sai na daidaita shi."

"Ba gudu shikai ba." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi mini sauƙi. "Agogon yayana ne, uban yarinyar da kake nema. Tare munka tahi Makka, ni kaɗai na dawo, da wanga a aljihuna. Lokacin can ne bisa shi. In rediyo ya hwaɗi lokaci sai in ƙara biyu in saita, in zan duba in cire biyu. In na kalle shi na san yanzu ana kiran salla inda shike kwance. Na so shi yi haske yau don uban Binta shi halarci auren ɗiyatai. Na zo in hwaɗa maka, ka ce ka gani."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Na yi fatan ƙasa ta tsage. Na tabbata Binta ta kuɓuce mini, kuma ban ga laifin kowa ba.

Ya kwance agogon ya miƙo mini. "Mai da shi yadda ka same shi."

A gaban liman da dattawa da yaran da ke jiran alewa na ja kan agogon, na zagaya da hannunsa gaba sau biyu. Wani daga baya ya ce, "Malam, goman Bature ko ta Bahaushe?" Aka yi ta danne dariya a cikin hannun riga.

Liman ya yi gyaran murya. "Tau Alhaji, mi ake ciki? An bayar ko kuwa?"

Alhaji ya ɗaura agogonsa a hankali, ya kara shi a kunne, ya saurara.

"Wankin dai ya yi kyau," ya ce. "Na ba shi. Amma ku zama shaida, in ya ga wani abu ga ɗiyar ga wanda bai gane ba, shi tambaya kahin shi gyara."

Zauren ya fashe da dariya, har liman sai da ya share hawaye kafin ya iya ɗaga hannu a yi fatiha.

Tun daga ranar, in na ga abu a karkace, sai na fara tambayar mai shi ko shi ya ajiye shi haka. Sharaɗin Baba Alhaji kuwa ban taɓa karya shi ba. Mun tsufa tare da Binta, har da jikoki, kuma na ga abubuwa da yawa da ban gane ba. Kullum ina tambaya. Har yau dai ba a ba ni izinin gyara ko ɗaya ba.